Mota Ɗaya, Jam'iyya Biyu

A shekarar wani zaɓe da ya wuce, ina da tsohuwar bas da nake jigilar 'yan kasuwa da buhunan albasa tsakanin Aliero da Jega. Ita ke ciyar da gidana. Duk ranar da ta kwana a gareji, sai mai ɗakina ta rage awo.

Shugaban tasharmu ne ya fara tara mu a rumfa. Ya ce ɗan takararsa mutumin direbobi ne, don haka kowa zai riƙa ba da gudummawa duk ranar kasuwa, a kuma manna fasta a jikin kowace mota. Ba wanda ya yi musu. Shi ke raba layin lodi, kuma wanda ya ɓata masa rai wuni zai yi yana kallon wasu suna cika suna tashi. Na bayar, aka liƙa mini fuskar mutumin da ban taɓa gani ba a gilashin baya.

Ana cikin haka sai ga kawuna daga Andarai. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya sayar da sansa ya cika mini kuɗin motar. A lokacin shi ne jagoran ɗaya jam'iyyar a mazaɓarsu. Ya zagaya motar, ya tsaya a baya.

"Ɗana, mi nika gani haka?"

"Kawu, tilas ta tasha ce."

"Tilas ta hi zumunci?"

Kafin ya tafi na yi alkawarin gudummawar taronsu, da kwasar mutanensa kyauta duk ranar gangami.

Daga nan na zama na kowa. Waya ta yi ƙara, na san kuɗi za a nema. Yau kuɗin riguna, gobe na masu kiɗa, jibi na man babura. Mai ɗakina ta ce, "Maigida, ka ce musu babu mana." Na ce mai mota ba ya cewa babu a yarda. Ɗiyata ta koma makaranta da takalmin da ya matse ta. Tayar gaba ta suɗe, na ci gaba da binta da addu'a.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ma ina da wanda nake so, kuma ba ya cikin waɗannan biyun. Na saurare shi a rediyo yana maganar taki da asibitin ƙauye, na ji ya kwanta mini. Ko sisi ban iya ba shi ba. Na dai riƙa lallashin kaina cewa ƙuri'ata tawa ce, ranar zaɓe zan je Jandutsi inda na yi rajista in ba shi.

Jajiberin zaɓe na wuni kai mutanen shugaban tasha garuruwansu. Da la'asar kawu ya kira, ya ce nasa suna jira a Maiyama. Na kwaso su. Muna dab da shiga Andarai tayar nan ta fashe, safayar kuma na riga na sayar.

Washegari an hana zirga-zirga. Na zauna a gindin wata bishiyar bedi kusa da makarantar da ake zaɓe, katina a aljihu, ina kallon tsofaffin da na kawo suna fitowa da tawada a yatsa. Wata tsohuwa ta ce, "Direba, kai ba ka yi?" Na ce tawa rumfar tana da nisa. Ta sa mini albarka ta wuce.

Ɗan takarar tasha ne ya ci. Sati bai zagayo ba shugaba ya ce a haɗa kuɗin walima. Kawu kuma ya aiko cewa za su tafi kotu, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Na ari taya wajen wani abokin aiki, na shiga layi, na fara lodin albasa.