Tela a Kan Bulo

A gangaren kasuwa, inda ruwa ke cinyewa duk damina, akwai wani tsohon tela da sai ka ɗaga kai kafin ka gaishe shi. Shi da kekensa suna bisa dandamalin bulo, ya hakimce kamar alƙali. Siriri ne, tabarau ɗaure da zare, ga allura a leɓe. Duk shekarar da ambaliya ta shigo masa shago, sai ya ƙara layin bulo. Maƙwabta sun daɗe da kwashe kayansu, shi ko gezau. Da gani keken nan ne ya ciyar da gidansa, don shafa shi yake kamar jikansa.

Yau wata mai bincike kan ambaliya ce tsaye a ƙasa, tana lallashinsa ya koma tudu.

"Tudu? Wa zan yi wa ɗinki a can, awaki?" Bai ma daina taka keke ba.

"Baba, saura kaɗan hularka ta taɓa rufi. Baɗi fa?"

Ya zare allurar, ya harari kwanon rufin.

"Sai in ɗaga rufin, 'yata. Matsa, kin tare mini haske."