Faifan Gwaggo da Kan Mahauci

A shekarar da na gama jami'a ban samu aiki ba, ko in ce aikin bai same ni ba, don na nema. Sai na fara tara yaran layinmu a Zongon Lome duk Asabar da safe ina koya musu siffofi: da'ira, murabba'i, alwatika. Muna yanka kwali, muna lanƙwasa tsinken tsintsiya. Wani abokina da ya tafi Turai ya bar mini tabilet mai wata manhaja ta yara: ka nuna wa idonta abu, ta faɗa maka siffarsa da Faransanci, da muryar wata mata mai fara'a. In abin ya dace da darasin sai ta ce "Burabo!"

Wurin karatun barandar Gwaggo ce, yayar mahaifina. Aro ta ba ni, kuma ta gaya mini tun farko cewa buhunan gawayinta ma suna son wurin. Babu wata inuwa a layin da za ta ɗauki yara goma sha. Saboda haka nake lallaɓa ta kamar ƙwai a cokali.

Gwaggo na saƙa faifai tun kafin a haifi mahaifina, in ji ta, ko da yake lissafin bai cika fita ba. Kaba ba ta samuwa a Lome yadda take so, sai ta koma naɗe ciyawa da zaren buhun shinkafa, ja da kore. Mata daga unguwar Hejiranawe suna zuwa har gida su ɗauka.

Ranar darasin da'ira na yi tunanin, wataƙila, zai faranta mata rai in yi misali da aikinta. Na ari faifai ɗaya, na ɗaga shi gaban tabilet ɗin. Matar ciki ta ce wannan ba da'ira ba ce, a sake gwadawa.

Na yi fatan ba wanda zai fassara. Amma yaran Zongo da Faransanci suke mafarki.

"Gwaggo, wai faifanki ba da'ira ba ne!"

Ta ajiye basillarta. "Wa ya ce?"

"Matar cikin allon Mesiye." Haka yaran ke kirana.

"Kai ɗan nan, gaskiya ne?"

Na ce ai ba haka take nufi ba sosai, mai yiwuwa hasken ne, ko kuma hannuna ya karkace. Na sake gwadawa a rana, na gwada a inuwa, na ɗora faifan a kan farin zani. Amsa ɗaya, da fara'a ɗaya.

Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da faifai bakwai. Duka bakwai suka faɗi.

Kafin azahar labari ya kai bakin masallaci. Maƙwabta suka fara zuwa da kayansu a duba musu: murfin tukunya, tiren shayi, tandar waina, tayar zemijan, wato babur ɗin haya. Murfin ya lotsa, tiren yana da kunnuwa. Ina ta bayani cewa na'ura ce kawai, ba alƙali ba, amma mutane sun riga sun yi layi.

Sai ga mahaucin da ke ƙarshen layi, dattijo mai ƙiba, ya taho daga wurin wanzami an yi masa tal-kwabo. Ya sunkuya yana leƙen abin da ake kallo, hularsa ta zame, kansa ya shiga idon tabilet ɗin.

"Burabo!" in ji matar. Da'ira ce.

Baranda ta kaure. Mahaucin ya miƙe a hankali yana shafa kansa.

"Hajiya, kin ji ko? Aikin Allah ke nan, babu gyara."

"Rufe mini wannan ƙoƙon, kar ka kashe mana ido," in ji Gwaggo. "Shekara nawa kana yanka mini nama a karkace, yau kai ne mai da'ira?"

"Ni ban ce ba, Baturiya ce ta faɗa."

Da aka watse Gwaggo ta kira ni. Ta ce Asabar mai zuwa, a gaban mutanen da suka ji an zagi faifanta, matar nan za ta janye maganarta. In ba haka ba, gawayi zai shigo baranda.

Mako guda ina juya abin. Na gano cewa in na manna zagayen kwali a bayan faifan, gefensa ya ɗan leƙo, manhajar tana cewa burabo. Na gwada a ɗaki sau uku, ya yi. Amma yara za su tafi da cewa faifai da'ira ce cikakkiya, kuma ni na san, ko dai ina zaton na sani, ba haka ba ne. Na ɗauki kwalin, na sa a jaka, na fitar, na mayar. Na je tambayar limaminmu hukuncin yaudarar na'ura. Ya dube ni ya daɗe, ya ce in je in nemi aiki.

Ranar Asabar baranda ta cika har bakin kwata. Mahaucin ya zo ya zauna a gaba, ba hula. Kwalin yana cikin jakata, ban taɓa shi ba, kuma ba zan ce jarumta ce ba.

Na ɗauko ƙusa da zare. Na ce da'ira, a yadda aka koya mana, ita ce abin da ko ta ina ka auna daga cibiyarsa zuwa baki, tsawon ɗaya ne. Na kafa ƙusar a cibiyar faifan, na ba wata yarinya zaren ta zagaya da shi. Ya tafi daidai, daidai, sai a wuri ɗaya bakin faifan ya wuce zaren da kamar faɗin yatsa.

Na fara cewa wannan ba laifi ba ne, a wani ƙaulin ma ana iya cewa...

"Nan ne?" in ji Gwaggo. "A kan wannan ake ta hayaniya? Ai nan na tsaya. Faifai daga cibiya ake farawa, a yi ta zagayawa ana fita. Bai taɓa komawa inda ya fara ba. In ban tsaya ba sai ya kai har unguwar Kege can nesa. Ita matar taku ba ta taɓa saƙa ba?"

Na ce a iya sanina, a'a.

"To baƙuwa ce. Baƙo ko da ido makaho ne. Na yafe mata." Ta juyo kaina. "Kai ne ban yafe wa ba. Ka yi digiri, kana koya wa 'ya'yan mutane zagaye, ba ka san inda zagaye ke ƙarewa ba."

Hukuncin da ta yanke shi ne baranda ta zauna a hannuna, amma rabin kowace Asabar nata ne. Yara za su koyi saƙa, ni ma a cikinsu, a ƙasa kan tabarma. Tabilet kuma a kife shi har ta gama.

Mahaucin ya tambaya ko shaidar da aka ba kansa tana nan.

"Tana nan," in ji Gwaggo, "har gashi ya fito."

Haka muka yi kusan shekara biyu. Yaran sun iya auna cibiya da zare, sun iya riƙe basilla, wasu har suna haɗa alwatika ja a cikin kore ba tare da na nuna musu ba. Faifan da na saƙa da hannuna guda ɗaya ne, ya ci mini wata huɗu. Gwaggo ta juya shi sama da ƙasa, ta ce a ajiye, zai yi amfani wajen kwashe toka.