Dutsen Kaushin Kakata

A ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad, ko tudun kirki babu. Ƙasa ce shimfiɗe, daga auduga sai dawa sai tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki. Shi ya sa ranar da ustazarmu ta aji biyar ta zana dutse mai aman wuta a allo, ta ce sunansa burkan, sai muka yi ta kallo kamar tatsuniya. Ta ce cikin ƙasa wuta ce ke tafasa, kuma har akwai dutsen da wutar ke tofarwa wanda ruwa ba ya iya haɗiye shi.

Ni kuwa bakina bai taɓa sanin zama ba. Na ɗaga hannu na ce kakata na da irinsa, da shi take goge kaushi.

Aji ya fashe da dariya. Wata ta ce da Larabci, tsofaffin Hausawa ai ba su rasa labari. Wannan maganar ta ƙona ni. Kakata tana yarinya ta taka daga ƙasar Sakkwato da iyayenta za su Makka, tafiyar ta tsaya a nan Jazira, yankinmu. Ta sha faɗa mana cewa a Jabal Marra, wani babban tsauni da ke kan hanyarsu, ta tsinci dutsen, kuma ya yi iyo a gabanta. Ban taɓa gani da idona ba, amma ita ba ta ƙarya.

Washegari na zare shi daga makewayi ba tare da na tambaya ba, ko minti goma ba a yi da gama wankanta ba. Ustaza ta sa aka kawo ruwa a jardal, wato bokiti. Na saka shi. Ya yi ƙasa, tsulum. Wallahi har yau ina jin dariyar nan a kunnena.

Na koma gida ina kuka, na ce mata ta sa an mai da mu maƙaryata.

"Ke ƙawata, kin cika azarɓaɓi," in ji ta. "Dutsen da ya shekara yana shan ruwa da sabulu kika kai? Ke in kin cika cikinki, kina iya gudu?"

Ta wanke shi tas, ta sa aka ɗora bisa rufin kwano. Kwana huɗu yana shan rana, ita kuma tana mitar ƙafarta ta fara faso saboda ni. A na biyar ta yafa mayafinta, ta ƙulle dutsen a gefensa, ta ce in wuce gaba.

Ba ta taɓa shiga makaranta ba sai ran nan. Ta gaida ustaza, ta nemi jardal, ta ajiye dutsen bisa ruwa a hankali. Ya juya sau ɗaya, ya tsaya a sama. Wadda ta yi mini gori ta danna shi da yatsa, ya sake tasowa.

Ustaza ta tambayi inda ta samo shi. Kakata na jin Larabci sarai, amma ta dube ni ta ce, "Da Hausa na gan shi, da Hausa zan faɗa. Ke juya mata."

A ajin nan ko sannu ban taɓa cewa da Hausa ba, don kunya. Na miƙe. Ta faɗi ramin da ke kan tsaunin Jabal Marra mai tafki a ciki, da ruwan zafin da ke fitowa daga ƙasa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, da yadda babanta ya dafa ƙasar da tafin hannu ya ce tana da rai, su taka ta da ladabi. Ina juyawa, ustaza na rubutawa a allo, ƙarƙashin zanenta.

Da aka gama ustaza ta roƙi a bar wa makaranta dutsen. Kakata ta ƙi, ta ce ƙafarta ta fi bukata. Muka fito tsakar makaranta kowa na kallo, na riƙe hannunta, ina yi mata hira da Hausa da ƙarfi har bakin ƙofa.