Sarkin Karta Mai Ɗankwali

Wata mai ɗinki ta zo wurin masu buga takardu karɓar allon shagonta, amma tsohon da ke gabanta ya hana layi motsi, ita kuma ta kasa jin haushinsa. Gajere ne, gilashin idonsa ɗaure da zare a kunne ɗaya, yatsunsa duk dabbare-dabbaren fenti. Yana fito da zane-zane daga gwangwanin biskit yana jerawa a teburi, a hankali kamar mai kwantar da jarirai. Karta yake so a buga masa, amma da fuskokin mutanen gidansa.

Ga jika mai giɓi, riƙe da cokali maimakon takobi. Ga suruki, an ƙara masa hanci da gangan.

"Baba, an yi kuskure a nan," in ji mai shagon buga takardun. "Sarkin ai mace ce, har da ɗankwali."

"Ka taɓa zuwa gidana?"

Mai ɗinki ta danne dariya. Tana ayyana matar tsohon, wadda ya zana a matsayin sarkin, a ranta: mai tsiwa, tun suna matasa take cinye shi a karta, ba ta taɓa bari ya rama ba.

"Ka dai sa fuskokin su fito manya-manya," tsohon yana cewa ƙasa-ƙasa. "Sunayenmu sun fara kuɓuce mata. Amma da ta riƙe kati, hankalinta ras yake."

Mai shagon ya ɗaga zane na ƙarshe, wawa mai hular ƙararrawa yana washe baki.

"Wannan fa waye?"

"Ni ne mana. Buga guda biyu. In ta manta ɗaya, ta ci karo da ɗayan."