Geron Bincikena a Turmin Inna

Sharuɗɗan digiri na biyu a sashenmu na bayokemistiri ba su da sassauci. Sai ka ci darussan aji, ka gabatar da samina, sannan ka yi bincike na kanka ka kare shi gaban malamai. Ni gero na zaɓa, in auna furotin ɗin da ke cikin irin kowane ƙauye. Bayan girbi na bi Kamarawa da Gangara rumbu-rumbu, ina roƙon cikin tafin hannu. Kowanne na ƙulle shi a ledarsa, na rubuta inda na samo shi.

Da safe na sauka Isa wurin Inna, ƙanwar mahaifiyata, na ajiye jakar a ɗakinta na fita gaishe-gaishe. Da la'asar na dawo na tarar da ledojina a wanke, an shanya su a igiya.

Na ce, "Inna, ina gerona?"

Ta ce, "Ga shi nan cikin ƙwarya. Wace irin rowa ce wagga, a ba ɗan gida hatsin da ko kaza ba ta ƙoshi? Na haɗe su, na ƙara da namu, na dama maka hura."

Raina ya ɓaci, na ce aikin shekara ta daka. Ta ce in sha tukuna, faɗa ba ya gudu. Na sha, har na nemi ƙari.

Dole na sake zagaya rumbunan daga farko. Ranar kare kundi wani malami ya tambaye ni wane iri ya fi. Na ba shi amsar da awo ya nuna, amma ni na san haɗin Inna ne.