Amatullahi da Kunyar Ɗan Fari

Wanda ya auri Amatullahi ba ya faɗin "an ce" a cikin gidansa. Ni na aure ta, don haka na sani. Ko cewa na yi an sha ruwa jiya a Kutama, sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, ka je ne, ko gaya maka aka yi?" Tun ina jin haushi har abin ya bi jikina.

Ba a boko ta samo wannan hali ba. Mahaifinta Malam Muhsin, wanda ke karantar da manya a zaurensa a Gwarzo, ba ya karɓar fatawa sai ya ji littafin da aka gan ta da malamin da ya biya shi. Da "a ina ka gani?" ta tashi, tana jiyowa daga cikin gida. Da ta je jami'a ta karanci halayyar ɗan'adam, ta ƙara da horo a kan masu ciwon damuwa, sai ta tarar can ma tambayar ke nan: wa ya gwada, a kan su wa, me ya fito.

Ta kama aikin asibiti a zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da likita zai rubuta magani a ce babu. Ɗakin ajiye tsintsiya da bokiti aka share mata, aka sa kujera biyu. Mutane suka laƙaba mata "likitar surutu", tunda ba allura ba ƙwaya, sai tambaya. Lokaci-lokaci takan shiga motar Kano ta je ɗakin karatu, ta dawo da fotokwafin sabon bincike tana murna kamar an yi mata ɗinkin salla. Da aka ƙaddamar da Shari'a, ruƙiyya ta yi tashe, ban taɓa jin ta kushe kowa ba. Cewa take yi a yi addu'a, a kuma bincika.

A shekarar ce maganar ƙanwata Yelwa ta taso.

Mu mutanen Dugabau ne, ta ƙasar Kabo. Kakanninmu makiyaya ne. Fulatancin ya tafi, amma kunyar tana nan daram. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, nono ma sai an matsa mata. Mahaifiyata har ta koma ga Allah "wancan" take kiran yayana.

Yelwa 'yar ƙanin mahaifina ce, Bappa Sajo. Ta yi haihuwar fari, namiji, ta dawo gida wanka. Bayan suna da 'yan makonni na ɗauki Amatullahi a babur muka je dubiya. Muka gaisa da Inna Altine, mahaifiyar Yelwa, muka tambayi mai jego da jariri da dabbobi da damina. Inna sai fara'a take yi.

"Ai Yelwa ta fid da mu kunya," in ji ta. "Ko inda yake ba ta kallo. Mata har daga Masanawa suna zuwa suna cewa rabonsu da ganin kara irin wannan tun ta iyayenmu."

Amatullahi ta shiga ɗakin ta daɗe. A hanyar komawa, muna hawa kwalta ta yi magana.

"Malam, Yelwa ba ta da lafiya. Yaron kuma yana ramewa. In aka bar su haka, ina tsoron a rasa ɗaya, ko duka biyun."

Raina ya ɓaci, don na ji kamar danginmu take zagi. Na ce, "Al'adarmu ce ba ki sani ba. Ina shaidarki?" Na yi zaton yau na kama ta.

"Ba ni da isasshiya tukuna," in ji ta. Ta yi mini bayani cewa an yi bincike mai yawa a kan ciwon damuwa da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma ana warkewa. Amma abin da aka gwada a ƙasar da uwa ke rungume ɗanta a gaban surukai ba za a ɗora shi a kan 'yar Dugabau ido rufe ba. In ƙin kallon jariri ne ma'auni, duk 'yar mutunci a garinmu majinyaciya ce.

Sai ta shiga bin ungozomomi da tsofaffin mata, a asibiti da ƙauyuka, da tambaya ɗaya: mai kara, in ɗaki ya watse, me take yi? Ni ne direba, man babur ɗina ya ji jiki. Duk inda ta je amsar ba ta sauya ba. Mai kara tana jin takun mutum ya yi nisa za ta sure ɗanta. Tana cin gasasshen nama, tana shan kunun kanwa har a kwaɓe ta. In ƙawayenta suka zo, ana jiyo dariyarsu daga waje.

Da wannan muka koma Dugabau. Abin da ya faru a ɗakin, Yelwa ce da kanta ta ba ni labari daga baya, ta kuma yarda in faɗa. Amatullahi ko a gida ba ta buɗe sirrin majinyaci. Ta tarar da kunu ya yi sanyi, nama ƙuda na bi. Ta zauna a gefen gado, ta yi ta tambayarta a hankali: barci, cin abinci, kuka, abin da ke zuwa mata a rai.

"Adda," in ji Yelwa, don haka take kiranta, "ni ba kunya nake ji ba. Ba na jin komai. Kowa yabona yake yi, to wa zan gaya wa? In na je bakin rijiya sai in tsaya ina kallon ƙasanta."

Amatullahi ta fito ta durƙusa a gaban Bappa Sajo da Inna Altine, kanta a ƙasa kamar yadda suruka ke yi. Da izinin Yelwa ta faɗa musu ciwo ne, yana da magani, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Inna ta tashi tsaye.

"Yau kuma kunyar ce ta zama ciwo? 'Yar nan, bokonku ya bar mana wani abu mana!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amatullahi ba ta ɗaga murya ba.

"Inna, ki gafarce ni. Lokacin da kika yi taki haihuwar ta fari, in kowa ya fita, me kike yi?"

Inna ta kawar da kai. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Kansa nake sansana."

"To kada ki yarda da maganata. Ki fid da kowa daga ɗakin, ki tsaya bayan asabari ki duba da idonki."

Inna ta tafi tana mita. Muna zaune muka ji jaririn ya fara kuka. Ya yi ta yi har muryarsa ta dushe, ba a ɗauke shi ba. Sai ga Inna ta fito da shi a kafaɗa, fuskarta jiƙe da hawaye. Ta dubi Bappa.

"Malam, a nemo mota."

Ba rana ɗaya aka warke ba. Likitan ƙwaƙwalwa a Kano ya ba da maganin da mai shayarwa za ta iya sha. Amatullahi ta riƙa zama da Yelwa duk mako, da dabarun magana da aka gwada aka ga amfaninsu. Bappa ya riƙa yi mata tofi, ba wanda ya ce ya fasa. Aka yi wa rijiya murfi, Inna ta mai da shimfiɗarta ɗakin 'yarta. Akwai makon da aka ga sauƙi, akwai wanda aka koma baya, har na ga Amatullahi ta zauna ta yi tagumi tana sake duba takardunta.

Bayan an yanke gero muka je gaisuwa. Yelwa na zaune a tabarma a tsakar gida, yaron a cinyarta, ya yi kumatu. Tana ganinmu ta sauke shi gefe, ta juya masa baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce a raina shi ke nan, an koma gidan jiya.

Amatullahi ta taɓa ni da gwiwar hannu, ta nuna mini tabarmar da ido. Ta ƙarƙashin mayafin hannun Yelwa ya zagayo ta baya, ya riƙe ƙafar yaron, babban yatsanta na shafa tafin ƙafar. Yaron sai ɓangala dariya yake yi.

"Malam," in ji ta, murya ƙasa, "wannan gaya maka aka yi, ko ka gani?"

Na ce na gani.