Faɗuwa Bakwai ta Jatau

Ranar kasuwar Urafan da ta wuce na tsinci kaina zaune cikin ƙwaryar waken Hawwa. Gardama ta kai ni. Ina nuna ma masu shayi yadda ake kamun ƙugu a kokowa, na ɗaga ƙafa guda, ɗayar ta ce ba da ita ba. Hawwa ta ce in tashi mata bisa haja, ita wake take saidawa, ba tsofaffin banza ba. Na tashi ina kakkaɓe wando. Amma gardamar a kan Jatau ce, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Jatau taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Manomin gero da wake ne, yana da awaki biyar da mata guda, ba ya son yawan magana. Shekara goma sha ɗaya yana shiga fili bayan girbi, daga Urafan zuwa Kona har Mayahi, bayansa bai taɓa ƙasa ba. Bai je babbar gasar kokowa ta neman takobin ƙasa ba, don shekarar da aka zaɓe shi cikin 'yan Maraɗi tsohonsa ya kwanta ciwo, ya zauna jinya. Da gwiwa ta fara ƙara sai ya aje walki, kwamitin kokowa na gari ya ba shi usur. Shekara tara yana alƙalanci. Ya taɓa ba ɗan Kona nasara a kan ɗan wansa na ciki ɗaya, wan ya yi wata biyu bai gaishe shi ba.

Bara sai ga mutanen Yamai da mota biyu da kamara. Wai fim za su yi na kishin ƙasa: yaron ƙauye ya tashi ya kare mutuncin tuta a gaban wani ƙato ɗan Nijeriya. Yaron sun zo da abinsu, Hafiz sunansa, mai santsin fata, wanda ko rago bai taɓa kayarwa ba. Ƙaton suke nema. Suka ga faɗin ƙirjin Jatau da fuskarsa da ba ta dariya.

Mai shirya fim ɗin ya ce, “Baba, don ƙasa ne.”

Jatau ya ce, “In don ƙasa ne, to.”

Bai tambayi kome ba, su ma ba su faɗa mashi kome ba. Suka ɗaura mashi ƙyalle kore da fari a ƙugu. Don kada su wahala neman taro, suka sa abin ranar kasuwa, da hantsi, cikin filin da yake alƙalanci. Suka raba ma mutane 'yan tutoci. Nan ne aka ce mashi ya dumbuzi rairayi ya watsa ma Hafiz a ido, don a ga mugun halin baƙo. Jatau ya tsaya. Mai fim ya ce wasa ne, Baba, kowa ya san wasa ne. Ya watsa.

Sannan aka ce ya faɗi. Hafiz ya rungumo shi kamar mai ɗaukar buhun da ya fi ƙarfinsa, Jatau ya kai kansa ƙasa. Aka ce rana ta shiga kamara, a sake. Ya sake. Aka ce jaki ya yi kuka, a sake. Sau bakwai mutumin nan yana kwantawa gaban garinsu, ana kaɗa tuta ana shewa.

Wai kishin ƙasa! Wace ƙasa ce ba ta tsayuwa sai an kayar da wani? Rabin gidajenmu suna da dangi a Katsina da Daura, tare muke biki, tare muke zaman makoki. Yaushe ɗan kokowar can ya zo nan ya watsa ma wani rairayi? Da mugun ya ƙi samuwa, sai suka sassaƙa shi da jikin mutumin da ya fi kowa gaskiya a fili, suka hau mota suka tafi.

Fim ɗin mutane kaɗan suka gan shi duka. Guntun wajen rairayin ne ya bi wayoyi. Aka fara kiran Jatau Ɗan Nijeriya, sannan Mai Rairayi. Da kokowar bana ta matso, 'yan Kona suka aiko cewa ba su shiga fili in mai watsa ƙasa ne alƙali. Mumuni, shugaban kwamiti, ya je har gida.

“Jatau, mun san kai ba haka kake ba. Amma bakin mutane...”

Jatau ya shiga ɗaki ya ɗauko usur ɗin ya miƙa mashi. Ko zama Mumuni bai yi ba.

Ran nan daga wajen Hawwa gonar Jatau na nufa. Na iske shi yana ɗaurin harawa. Na buɗe baki na zage mutanen Yamai tun daga mai kamara har direba. Na ce zan rubuta, duniya ta ji, sai sun dawo sun roƙi gafara a tsakiyar kasuwa, sai an maido mashi usur ɗinsa.

Bai ɗago ba sai da ya ja igiya ya ƙulle.

“Taubashi, na Yamai baƙi ne, ba su san ni ba. Masu amsar usur tare aka yi mana kaciya. Kai kuwa, a faɗuwa ta huɗu na ɗaga kai na gan ka gindin tsamiya, tuta a hannu, ka fi kowa shewa. In za ka rubuta, fara da wannan.”